Kuben wuƙa irin na kaboyi: me ya sa jar fatar akuya ta ƙi tsayawa?

Ɗan Baduku:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan wani aiki da ya sha bamban da abin da na saba. Yayana da ke zaune a Houston ya aiko mini da wuƙa ta hannun wani mai zuwa gida, irin doguwar nan mai faɗi da suke kira Bowie, ruwanta kaɗai ya kai inci 9. Yana son in ɗinka mata kube irin na kaboyi, mai zanen furanni da ya taso a jikin fata, da madaukin da za a zura a bel. Ya ce in aikin ya yi kyau, akwai abokansa masu son gidan ƙaramar bindiga haɗe da ɗamararsa. A hotunan da ya turo, kuben tsaye yake ƙyam ko babu wuƙa a ciki. Ni kuwa jar fatar akuya ce a hannuna, mai kyau ta Sakkwato, amma ko an ninka ta biyu laƙwas take yi, kuma zanen da aka buga yau gobe ya shafe. Ina sirrin yake?

Baba Majemi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, babu wani sirri. Ka ɗauko fatar akuya ka ce ta yi maka aikin ƙirgi. Wannan da ke cikin hoton fatar sa ce, kuma ta gadon baya, ba ta ciki ba.

Baduku na Damagaram:
Baba, ranka shi daɗe, ban ƙi ta taka ba, amma mu tun kakanni da fatar akuya muke kuben takobi, kuma tsaye yake. Ga na Abzinawa nan a Agadas, mutum ya rataya shi shekara da shekaru a kan raƙumi bai lanƙwashe ba.

Baba Majemi:
Tsaga ɗaya ka leƙa cikinsa. Fatar akuyar riga ce kawai. Abin da ke riƙe da takobin yana ciki, ko busasshen ƙirgi, ko siririn itace, yanzu ma har kwali 'yan zamani suke cusawa.

Baduku na Damagaram:
To ai shi ke nan. Yaro ya sa ƙirgi a ciki ya lulluɓe da jar fatarsa, magana ta ƙare.

Alhajin Texas:
Salamu alaikum jama'a. Ku ba ni dama in sa baki, don a nan nake zaune, kuma ina ɗan taɓa wannan aikin a garejin gida idan na samu hutu. Malam na Damagaram, abin da ka faɗa zai ba da kube mai kyau, amma ba shi ne abin da yayan nasa ya nema ba. Bambancin yana nan. Mu a gida aikin kube kamar gini ne, tubali daban, shafe daban: na ciki ya ba da ƙarfi, na waje ya ba da ado. Su kuwa a nan fata guda ce mai kauri take yin duka biyun. Ita ce jikin kuben, kuma a kanta ake sassaƙa furen. Shi ya sa zanen yake tasowa, don akwai naman da za a yanka a danne.

Kaurin fata a nan da oza ake faɗinsa, ko da yake ba nauyi ake nufi ba. Oza ɗaya kashi ɗaya ne cikin 64 na inci, wato kusan milimita 0.4. Kuben babbar wuƙa da gidan bindiga yawanci fata mai oza 8 zuwa 10 ake sa wa, milimita uku da ɗoriya zuwa huɗu ke nan. Fatar sirdi ta fi haka. Fatar akuyarka, ƙanena, da ƙyar za ta wuce milimita ɗaya. Ka ga ba ƙwarewarka ce ta gaza ba.

Abu na biyu, dole jimar ta zama ta itatuwa, ba ta sinadarin kurom ba. Fatar da aka jeme da ɓawon itace, in ka jiƙa ta sai ta yi laushi ta karɓi duk siffar da ka ba ta, in ta bushe ta riƙe siffar nan. Ta kurom ba ta haka, ka danna ta dawo. Masu sana'ar nan suna da kamfanonin da suka amince da fatarsu, irin su Hermann Oak da ke St. Louis tun 1881, da Wickett & Craig a Pennsylvania. Mu 'yan koyo kuwa shagon Tandy muke zuwa.

Ɗan Baduku:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara arziki. To ni da ke Kano yaya zan gane wadda aka jeme da kurom? A kasuwa kowa cewa yake tasa ce mai kyau.

Ɗalibar Samaru:
Yaya, wannan mai sauƙi ne, mu a makarantar fata da ke Samaru yana cikin abin da ake fara nuna mana. Ka yanki gefen fatar ka dubi tsakiyar yankan. Ta kurom za ka ga tsakiyarta shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, sai dai in rini ya ratsa ta gaba ɗaya. Ta bagaruwa kuwa ruwan ƙasa ce har ciki. Sannan ka ɗiga mata ruwa, ka danna farcenka a wurin. In shaidar farcen ta zauna bayan ta bushe, ita ce kake nema. In har yanzu kana shakka, ƙona ɗan guntu: tokar ta kurom tana yin kore.

Kuma masu kube a can suna gudun fatar kurom ne ba don siffa kaɗai ba, suna cewa gishirin da ke cikinta yana cin ƙarfe idan danshi ya shiga. Gaskiyar magana ko wace irin fata ce tana riƙe danshi, don haka ka gaya wa yayanka kada ya ajiye wuƙar a cikin kube wata da watanni.

Baba Majemi:
Madalla da 'yata. Abin da muka sani da hannu, ku kun san shi da takarda.

Ɗalibar Samaru:
Baba, ai har akwai abin da zai ba ka dariya. Manyan kamfanonin jima na duniya ba ɓawon itacen oak kaɗai suke amfani da shi ba, suna haɗawa da ruwan wasu itatuwa, ciki har da wanda ake kira mimosa. Shi kuwa dangin bagaruwa ne. Abin da ke jeme fatar a cikinsu iri ɗaya ne da abin da ke cikin 'ya'yan bagaruwar da kuke dakawa.

Baba Majemi:
Ashe dai 'yan'uwa ne. To bari in gaya muku inda matsalar take, tunda ba a bagaruwa take ba. Fatar akuya, in ka jiƙa ta, ka sa ta a ruwan toka gashi ya saki, ka kankare, ka sa ta a kashin tattabara ta yi laushi, ka jefa a bagaruwa, cikin 'yan kwanaki ka gama. Kilagon sa kuwa ba ya son gaggawa. In ka sa masa bagaruwa mai ƙarfi tun farko, sai bayansa ya ƙulle, ruwan ya kasa shiga. Ka ciro ka ga kamar ya jemu, ka yanka ka tarar da farin layi a tsakiya, ɗanye. Wannan in ya bushe karyewa yake yi, in ya jiƙe wari yake yi. Sai an fara da ruwa marar ƙarfi, ana ƙarawa a hankali, ana juyawa, makonni suna wucewa. Wa zai ɗaure kuɗinsa a rami haka? Mai saye bai bambanta ba, arha yake nema.

Alhajin Texas:
Baba ya faɗi gaskiya. A Ingila akwai wata tsohuwar majema a yankin Devon da har yau fata take yin kimanin shekara guda a ramin ɓawon oak kafin a fito da ita. Kuɗinta kuwa ba a magana.

Hajiya Mai Jakunkuna:
Ku ƙara da ganda. Kilagon da za a jeme ai an cinye shi. Mai ganda yana tsaye a mayanka da kuɗi a hannu, ya fi majemi saye da tsada, ya babbake ya loda a mota. Wanda ya tsira kuma ga shaidar lalas, ga karcen ƙaya, ga cizon kaska, ga inda wuƙar mai fiɗa ta zarce. Ni don jaka ma wahalar samun mai tsabta nake yi, balle wanda za a zana fure a fuskarsa.

Amma ni tambayata daban ce. Ɗana, don me za ka je ka yi takara da mutane a kan abin da suka gada? A Texas kowane gari akwai mai wannan aikin. Ƙetare iyaka kaɗan ga Meziko, birnin León kaɗai ya ishe su takalma da bel da sirdi. Kai da ke da jar fatar da duniya ta san da ita, sai ka ajiye ta ka tafi neman ƙirgin da babu? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka yi masa kube irin namu, mai tunku da saƙar zare, ya rataya abokansa su tambaye shi ina ya samo.

Ɗan Baduku:
Hajiya, na ji maganarki, amma shi abin da ya ce ke nan yana so. Kuma kuben namu a kafaɗa ko a dantse ake rataya shi, shi kuwa a bel zai sa ya shiga daji farauta.

Hajiya Mai Jakunkuna:
Mai saye ba ya sanin abin da yake so sai ka nuna masa.

Malam Mai Tarihi:
Ina goyon bayan Hajiya a rabi. Jar fatar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ita ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, Turawa suna yi wa littattafai bango da ita suna ce mata fatar Maroko. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ga yadda takalma da jemammiyar fata suke fita daga birnin zuwa arewa. Wannan ba abin da za a raina ba ne.

Sai dai batun "abin da suka gada", su ma ɗin ara suka yi. Shanu da dawaki Sifaniyawa ne suka kai su Meziko, makiyayan can da ake kira vaquero su ne suka fara wannan salon kiwo a kan doki, da igiyar zarge, da sirdi mai ƙaho, da rigar ƙafa ta fata da ke kare mutum daga ƙaya. Zanen furannin ma daga wurinsu ya hau arewa. Zamanin da ake kora garken shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, wanda ya kankama a 1867 da garin Abilene, bai fi shekara ashirin ba ya mutu. Sauran duk silima ce ta raya shi.

Gidan bindigar ma ya sha canji. A shekarun 1850, lokacin haƙar zinariya a Kalifoniya, siriri ne mai bin jikin bindiga, shi ake kira Slim Jim. Da aka koma bindiga mai harsashin ƙarfe, irin Colt ta 1873, sai mutane suka fara ɗaura bel mai faɗi da ake jera harsashi a jikinsa. Wannan bel ɗin ba ya shiga ƙaramin madaukin tsohon gidan, sai aka fito da wanda ake kira Mexican loop: fata guda ce a yanka, a naɗe bayanta ta haye kan bel ta sauko, a tsaga ta, a zura aljihun bindigar ta cikin tsagar. Kuma a sama yake zama, daidai ƙugu, bindigar ta nutse ciki sosai, don mai hawan doki ba saurin zarewa ne damuwarsa ba, kada ta faɗi ne. Wanda muka saba gani a fim ɗin kaboyi, mai reto a cinya an ɗaure da igiya, ana kiransa buscadero, a ƙarni na 20 ya yaɗu, Hollywood ce ta tallata shi. A shekarun 1950 wani mai suna Arvo Ojala har ƙarfe ya riƙa sakawa tsakanin fata biyu don bakin ya zauna a buɗe, ɗan wasa ya zare da sauri.

Alhajin Texas:
Malam ya kawo abin da zai amfane ka, ƙanena. Kafin ka karɓi aikin gidan bindiga ka tambayi wanne suke so, don masu sayen ba ɗaya ba ne. Akwai ƙungiyar masu gasar harbi cikin shigar mutanen da, SASS, an kafa ta a 1987, waɗannan sun san tarihin kayansu kamar yunwar cikinsu, in ka haɗa zamani biyu a abu ɗaya za su gane. Akwai kuma mai son ya yi ado kawai ya je bikin shanu da sukuwa na Houston da aka fara yi tun 1932. Wannan bel mai sheƙi ya ishe shi.

Sarkin Zaure:
Jama'a a yi hattara. Mu a nan aikin fata muke tattaunawa. A dokar makamai ta Najeriya ƙaramar bindiga tana cikin waɗanda aka haramta wa mutum riƙewa ba tare da lasisi na musamman ba. Kada wani ya je aron bindiga don auna fata, ya jawo wa kansa da mu abin da ba mu shirya ba.

Alhajin Texas:
Ranka ya daɗe, ko a nan ba da ta gaske yawancin masu sana'ar suke aunawa ba. Akwai ta roba, shuɗiya, da ake zubawa daidai girman kowace iri, ita ake cusa wa jiƙaƙƙiyar fata. Amma ni ko ta robar ba zan ba shi shawarar a aiko masa ba, don bayanin da zai yi a filin jirgi ya fi ribar yawa. Kuma gidan bindiga ba wurin koyo ba ne. In ya yi sako-sako ta faɗi, in fatar ta yi laushi bakinta ya lanƙwasa ya shiga wurin kunama, ana iya rasa ƙafa ko rai. Ya tsaya a kube da bel tukuna.

Ɗan Baduku:
Na ajiye batun bindiga. A koma kan kuben. A ce na samu ƙirgin, daga ina zan fara?

Alhajin Texas:
Daga kwali. Ka kwantar da wuƙar ka zana ta, ka ƙara kamar santimita ɗaya da rabi a kewaye. Wuƙa irin Bowie ta fi son falle biyu, gaba da baya, maimakon guda da aka naɗe.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne ba a gani a hoto. Tsakanin fallen gaba da na baya akwai fata ta uku, siririya, faɗinta kamar santimita ɗaya, tana bin gefen kuben duk inda ɗinki zai bi. Allura tana ratsa duka ukun. Amfaninta, kaifin wuƙar a kanta yake sauka, ba a kan zare ba. In babu ita, duk shiga da fita wuƙar tana cin zaren a hankali, wata rana sai ta fito ta gefe ta sami cinyar mai ita. Wajen bakin kuben, inda ƙarfen ya fi kauri, kana iya ƙara wata a kai, ka fere ta ta siranta zuwa ƙasa.

Zane kuwa tun fata tana shimfiɗe ake yinsa, kafin ɗinki. Ka jiƙa ta da soso, ka bar ta har launinta ya kusa komawa yadda yake, amma in ka ɗora ta a kumatu ka ji sanyi. Wannan lokacin shi ne komai. In ta cika ruwa zanen zai yi caɓa-caɓa, in ta bushe ba zai shiga ba. Sai ka bi layin furen da wuƙa mai juyawa a ɗan yatsa, ka yanka kamar sulusi zuwa rabin kaurin. Daga nan ka ɗauki ƙarfe mai gantsararren baki, kana bugawa da guduma ta roba ko ta itace a gefe ɗaya na yankan, gefen ya nutse, ɗayan ya taso. Bayan furen duka ka daddanne shi da ƙarfe mai ƙananan ƙuraje. A kan dutse mai santsi ake yi, ba a kan tebur mai rawa ba. Salon da ya fi tashe shi ne na garin Sheridan a jihar Wyoming, wanda Don King ya shahara da shi, furanni cikin da'ira suna bin juna. Kada ka fara da shi. Ka fara da bugun saƙar kwando, ƙarfe ɗaya ne, layi ne kawai zai wahalar da kai.

Madaukin bel ka ɗinke shi a fallen baya kafin ka haɗa, in ka manta babu ta inda allura za ta shiga.

Baduku na Damagaram:
Waɗannan ƙarafan ai maƙeri zai yi su da ƙusa inci shida. Namu na bugun kanta da muke yi wa jaka da matashi haka ake ƙera su.

Alhajin Texas:
Ƙwarai kuwa. Tsofaffin masu sirdi a nan ma da ƙusa suka riƙa yin nasu. A goge bakin ya yi santsi kawai, kuma kada ya yi tsatsa, don baƙin ƙarfe yana bar wa jiƙaƙƙiyar fata baƙin tabo.

Baba Majemi:
Ai shi ne kuloko. Kashin maƙera ko guntayen ƙarfe a jiƙa su su kwana biyu, a shafa wa fatar bagaruwa ta koma baƙa ƙirin. Ba fenti ba ne balle ya goge a riga.

Ɗalibar Samaru:
Su ma suna da irinsa, Baba. Soson ƙarfe suke jiƙawa a ruwan binega har ya narke. Ƙarfen ne yake haɗuwa da abin da bagaruwa ta bari a cikin fata, baƙin ya fito daga ciki. Shi ya sa ba ya kama fatar kurom. Bayan an shafa ana ɗauraye ta da ruwa mai ɗan garin baking soda don a kashe tsamin.

Mai Kayan Doki:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Alhaji, wannan ƙahon da ke gaban sirdinsu, ado ne ko mariƙi? Wani ya kawo mini ɗaya gyara, nauyinsa kamar me, na rasa dalilin wannan wahala.

Alhajin Texas:
Ba ado ba ne, kuma asalinsa ba don riƙewa ba ne. In mahayi ya zarge saniya, a jikin ƙahon yake naɗe igiyar, doki ya toge, ƙarfin saniyar duka ya sauka a kan sirdi. Shi ya sa ƙashin sirdin itace ne da aka lulluɓe da ɗanyen kilago, ya bushe ya matse shi. Fatar da ke ƙasa mai faɗi ce, da buzu a cikinta, don nauyin ya bazu a bayan doki tunda wuni za a yi a kai. Na aikin zarge yakan kai kilo 18 ko fiye. Namu na hawan salla wani aiki ne daban aka yi shi domin shi.

Mai Kayan Doki:
Ikon Allah. Kuma ya fi ƙarfin bayan dokin mai shi, na gaya masa bai ji ba.

Ɗan Baduku:
Batun ɗinki fa? Ina da maƙwabci mai keken ɗinkin takalma.

Baba Majemi:
Ka bar keke. Basilla da allura biyu, yadda ubanka ya koya maka.

Alhajin Texas:
Baba ya riga ni. Ɗinkin keke zare biyu ne da suke saƙale juna a tsakiya, ɗaya ya tsinke sai layi ya bi warwarewa. Na allura biyu kowane zare yana ratsa ramin ya fita ɗaya gefen, in ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe. Ka fara manne fallayen da gam, ka ja ɗan kwari a inda ɗinkin zai bi don zaren ya kwanta ciki kada ya riƙa gogar abubuwa, ka huda rami shida ko bakwai a kowane inci. Zaren ka murza shi da kakin zuma.

In ka gama, ka shafa wa wuƙar mai, ka naɗe ta da leda, ka tsoma kuben a ruwa mai ɗumi wanda hannu zai jure, ɗan lokaci kaɗan. Ruwan zafi ƙwarai yana ƙanƙance fata ya mai da ita kamar katako mai karyewa. Ka zura wuƙar, ka bi da yatsa da ƙashi mai santsi kana dannawa a gindin ƙota har siffar ta fito. Ka zare wuƙar ka goge ta, kuben ya bushe a inuwa. Gefen kuma ka goge da samfefa har fallayen uku su zama ɗaya, ka ɗan jiƙa, ka murza da itace mai santsi har ya yi ƙyalli, ka bi da kaki. Mutanen nan gefe suke fara dubawa kafin fure.

Baduku na Damagaram:
Man gyaɗa zai sha ko man shanu?

Alhajin Texas:
A nan wani mai suke sawa da ake tatsa daga ƙashin ƙafar shanu, wasu kuma man zaitun. Ko wanne ne, kaɗan. Mai da yawa yana kashe ƙarfin da ka sha wahalar samu.

Baba Majemi:
Man shanu zai yi ɗoyi, ɓera kuma ya bi shi. Man gyaɗa a tsumma, shafa ɗaya. In lokacin hunturu ne ka rufe shi da ƙyalle ya bushe a hankali, iskar nan tana tsattsage fuskar fata.

Hajiya Mai Jakunkuna:
Duk na ji, kuma har yanzu ina kan bakana. Zai yi wata yana koyon furen da yaro ɗan shekara sha biyar a can ya fi shi iyawa. To ga tsakiya: jikin ya zama ƙirgi mai kauri, da fata ta ukun nan da Alhaji ya ce, da madaukin bel. Amma a fallen gaba a yanke taga, a sa jar fatar akuya ta karan dafi a ƙarƙashi ta leƙo, a kewaye da bugun kanta irin namu da baƙin kuloko. Ƙarfi nasu, fuska tamu. Wannan babu mai yi masa shi a León.

Alhajin Texas:
Wannan dabarar ta taga suna yin ta a nan, da fatar maciji ko ta kada. Da jar akuya kuwa ban taɓa gani ba, kuma ina jin za ta ɗauki ido. Tunda maganar ta zo, ƙanena, kada wani ya ruɗe ka ka sa fatar mesa ko ta kada ko ta guza a kayan da za su shigo Amurka. Suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ake karewa, in babu takarda ƙwacewa za a yi. Jemammiyar fatar sa da ta akuya da aka gama aikinta ba ta da wannan matsalar.

Malam Mai Tarihi:
Ni ina ganin ya yi wanda aka ce ya yi tukuna. Wanda bai iya na mutane daidai ba, in ya ce zai gauraya, ba a sanin ko gwaninta ce ko gazawa.

Hajiya Mai Jakunkuna:
Malam, kai allo ka sani, ni kasuwa na sani.

Malam Mai Tarihi:
Allah ya huci zuciyar Hajiya.

Ɗan Baduku:
Zan yi biyu, ɗaya na saƙar kwando, ɗaya mai taga, ya zaɓa da kansa. Saura ƙirgin. Baba, in na zo wajenku a Ƙofar Wambai zan samu mai milimita uku da rabi wanda bagaruwa ta ratsa?

Baba Majemi:
A ajiye babu. Akwai masu yi wa 'yan takalmi da masu linzami, amma sai ka zaɓa da idonka. Ka zo da safe da askarka, duk wanda aka miƙo maka ka yanki wajen wuya, inda ya fi kauri, ka duba farin layin nan. In ba a samu ba, ka sayi kilago mai kyau da kanka tun a mayanka kafin masu ganda su kai gare shi, a sa masa gishiri, in sa maka a rami. Amma kada ka zo kana tambayata bayan sati biyu.

Ɗalibar Samaru:
Baba, in za a sa a ramin ina so in zo in gani. Zan zo da ma'aunin kauri na makaranta.

Baba Majemi:
Ki zo da takalmin roba, wurin ba na farin takalmi ba ne.